Mai Shan Jinin da Baraka Ta Kasa Kashewa

Duk alhajin da ya sauka a unguwar Jarwal ta Makka a shekarun baya ya ce tuwo yake marmari, akwai yiwuwar daga tukunyar Baraka aka zubo masa, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ni Aishatu maƙwabciyarta ce. A lokacin ƙofofinmu suna kallon juna a hawa na biyu na wani tsohon gida, kuma tare muke girkin alhazai, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

'Yar Funtuwa ce. Ta zo Makka tana amarya, matar Yunus direban motar alhazai, wanda shi a nan aka haife shi, kakansa ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Hausa ya yi aikin Hajji bai koma ba. Ta yi boko har tsakiyar sakandare, kuma an ce ranar da aka buɗe akwatinta dangin miji sun sha mamaki, don ƙarƙashin atamfofi littattafan hikaya ne jere, irin na kasuwa masu hoto a bango. Ta karanta su har suka yayyage, sannan ta koma ƙirƙiro nata. In muna aikin Arfa, a bayan tanti muna yankan albasa buhu-buhu, zafi kamar ya narkar da mutum, Baraka ce ke riƙe mu da labari. Ta iya tsayawa daidai inda rai ya rataya ta ce a miƙo mata gishiri, mu yi ta roƙonta.

'Ya'yanta maza sun yi aure sun tashi, sai autarta Shahad, mai aiki a wani shagon kayan mata. Shahad tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, in ta matsa ta yi Hausar sai ta fito rabi da rabi. Wannan yana damun Baraka, don sau da yawa sai ta saki karin magana mai daɗi, 'yar ta tsaya tana kallonta tana jiran fassara.

A shekarar 2014, bayan an sauko daga aikin Hajji, gwiwar Baraka ta dama ta ce ba ta san zance ba. Ta kumbura, matattakala ta gagare ta, aka ce ta kwanta. Mutumin da ya saba tsayuwa a kan tukunya tun asuba, ka ce masa ya zauna, ai ka ɗaure shi. Shahad ta ga uwarta na neman cinye kowa da faɗa, sai ta fara kunna mata finafinan Turawa a talabijin bayan la'asar, masu rubutun Larabci a ƙasa. Rubutun yana gudu, Baraka ba ta cim masa, don haka Shahad ce tafinta.

Ina wurin ranar da aka fara, na kawo mata kunu. Wani farin mutum mai dogon haƙori ya shigo ta taga ya sunkuya a kan wata yarinya.

Baraka ta ce, "Wannan me yake nema a wuyan 'yar mutane?"

"Massas dima ne, ya ummi. Yana shan jini."

"Maye ke nan."

"La, ba maye ba. Maye yana da rai. Wannan ya mutu, ba'aden ya tashi."

Ba a jima ba wani dattijo mai baƙar riga da ɗan fari a wuya ya faɗo ɗakin, ya ɗaga gicciye. Mai shan jinin ya kare fuska, ya ja da baya yana huci kamar kyanwa. Dattijon ya zaro 'yar kwalba ya watsa masa ruwa, fatarsa ta kama hayaƙi. Sannan ya ciro wani ɗan farin abu zagayayye kamar kwabo, ya marmashe shi a bakin taga.

Baraka ta ajiye kofin kunu. "Tsaya. Wane ne wannan?"

"Limamin coci. Fada. Ruwan, ya yi masa addu'a. Farin kuma burodin coci ne, na 'yan Katolika."

"To in wadda ya zo ciza Musulma ce fa? Sai ta kwanta ya shanye ta?"

"Fim ne bas, ya ummi."

"Na ji fim ne. Shi mai shan jinin, in kafin ya mutu ba ɗan coci ba ne, me ya haɗa shi da tsoron kayan coci?"

Shahad ta ɗaga kafaɗa ta koma kan wayarta. Ni dai na ce a canza tasha, don tsigar jikina ta tashi. Amma Baraka ba tsoro ya kama ta ba, haushi ne, irin na mai sana'a da ya ga wani ya yi aiki ya bar baki a buɗe. Cikin watannin da ta yi a kwance ta kalli irin waɗannan finafinai ba adadi, ta sa Shahad ta nemo mata tsofaffi da sababbi. Ta ce mini duk inda aka je aka dawo kayan yaƙin ba sa wuce gicciye, da ruwan kwalba, da burodin nan, wani lokaci da carbinsu mai gicciye a ƙarshe. "Duniya guda," in ji ta, "a ce babu mai magani sai fada."

Da ciwon ya ƙi sauƙi, aka tura ta wani asibiti a Jidda don gashin ƙashi, Yunus yana kai ta. Mai yi mata gashin wata 'yar Filifin ce, Maricel, mai sanyin hannu. Ban je ba, Baraka ce ta ba ni labari. Ta ce ta lura da wata siririyar sarƙa mai ɗan gicciye a wuyan matar, wadda take turawa cikin riga duk sanda ta sunkuya. Ran nan sai ta tambaye ta da guntun Larabcin da su biyun suke lallaɓawa da shi, ko ita 'yar Katolika ce. Matar ta firgita, ta ja labule, ta ce, "Mama, don Allah kada ki ja mini magana, aiki na zo yi." Baraka ta rantse mata ba wa'azi za ta yi ba, ba kuma ƙara za ta kai ba, fim ta kalla take son ta gane.

Da Maricel ta fahimci tambayar sai ta yi dariya har da riƙe baki, daga baya kuma fuskarta ta canza. Ta ce ruwan nan uwarta ke shafa mata a goshi in za ta yi tafiya, ba makami ba ne. Burodin kuwa, a wurinsu babu abin da ya kai shi girma, ba ya taɓa ƙasa, ba a karɓarsa sai mutum ya tuba ya shirya. Ta ce in ta ga ana marmashe shi a bakin ƙofa a fim, tashi take ta kashe talabijin.

Baraka ta ce, "To kin taɓa jin ya kori mai shan jini?"

"Mama, babu mai shan jini. Masu ɗibar jini dai suna hawan ƙasa, ɗakin gwaji."

Baraka ta dawo tana juya maganar. Abin ya ba ta mamaki, ashe su ma masu kayan ba su ji daɗin yadda ake wasa da su ba. A wannan makon ta ce mini za ta rubuta nata, na Hausa, wanda zai fi nasu ma'ana.

Lokacin ne mata suka fara rubuta littattafai a waya suna sakewa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp. Baraka tana cikin wani zaure na masu karatu wanda wata matashiya a Kano, Rumasa'u, take shugabanta. Baraka ta sa tabarau, ta miƙe ƙafa a kan matashi, ta dinga danna waya da yatsa ɗaya. Labarin wata Bahaushiya ce, Mubina, da neman abinci ya kai ta wani ƙauye a kan dutse a ƙasar Italiya, tana jinyar wata tsohuwa 'yar Katolika da 'ya'yanta suka watsar. Su biyu kaɗai a gidan, ba sa jin yaren juna sosai. Sai aka fara tsintar tumakin ƙauyen a mace, babu ɗigon jini a jikinsu, sai kuma wani baƙo mai ladabi ya fara zuwa gaishe da tsohuwar, kullum bayan faɗuwar rana, kuma ba ya shiga sai an ce masa ya shigo.

Wallahi labarin ya yi daɗi. Ni da ban iya karatun boko sosai ba, ita ke karanta mini kafin ta tura. Zauren ya cika har Rumasa'u ta buɗe na biyu. Mata daga Zariya, daga Maraɗi, har daga Kumasi suna turo saƙon murya, "Anti Baraka, a taimaka a ƙara mana." Na ga maƙwabciyata ta yi haske kamar ba ita ce mai ciwo ba.

Sai aka zo shafin da baƙon ya nuna haƙoransa. Baraka ta rubuta cewa ya tsallake Mubina ya nufi gadon tsohuwar, tsohuwar ta lalubo gicciyen da ke rataye a saman kanta ta ɗaga, shi kuma ya ja da baya ya fice ta taga. Baraka ta tura shafin da hantsi, muka shiga ɗora sanwa. Kafin azahar wayar ta ɗauki zafi.

"Subhanallahi, a Makka kike zaune kina yi mana tallar gicciye?"

"Yanzu nufinki shi ne ke da ƙarfin korar shaiɗan?"

"Ni dai na fita, kada a lalata mini imani."

Rumasa'u ta kira. Ina jin muryarta don Baraka ta buɗe sauti. "Anti, don girman Allah ki yi haƙuri, amma na goge shafin. Mazan wasu har sun fara magana."

Baraka ta ce, "Rumasa'u, tsohuwar nan 'yar Katolika ce. Me kuke so ta ɗauko, allo da tawada?"

"Ba ɗaukowar ba ce matsalar, Anti. Ya yi aiki ne. Kin nuna ya gudu."

"To in bai gudu ba ai ya cinye ta, labari ya ƙare a tsakiya!"

"Ki dai gyara, Anti. Ke babba ce."

Baraka ta kashe wayar ta jefa kan katifa. Ta ce mini ita da take hango hasumiyar Harami daga tagar ɗakin girkinta, ita da goshinta ya yi baƙi da sujada, yau ita yara sa'annin 'ya'yanta za su koya wa imani. Ta yi kwanaki ba ta taɓa rubutun ba. Amma mai labari ba ya iya haɗiye labari, sai ta zauna ta sake shafin. A sabon, gicciyen tsohuwar ya faɗi ƙasa bai yi komai ba. Mubina ce ta tuna da 'yar jarkar zamzam da uwarta ta sa mata a jaka, ta watsa masa a fuska tana karanta Ayatul Kursiyyu, fatarsa ta kama tafasa, ya fita yana kururuwa.

Zaure ya ɗauki kabbara. Waɗanda suka fita suka dawo, har da masu ba da haƙuri. Baraka ta karɓi yabon, amma na lura ba ta sake karanta mini wannan shafin ba. Ta ce ta ji kunyar Maricel, don ta jefar da abin wuyan baiwar Allah a ƙasa saboda a tafa mata.

Tana da ɗan wa, Abdulquddus, da ya zo daga gida yana karatun addini a jami'a a nan Makka. Kowace Juma'a bayan an sauko yana zuwa cin tuwo. Yaro ne mai kunya da ladabi, ba ya ɗaga murya, wanda hakan ya sa musu da shi ya fi ciwo. Ashe matarsa tana cikin zauren. Ran nan ya ci ya wanke hannu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, in ba za ki yi fushi ba, ina da magana a kan littafin nan."

"Kai ma gicciyen ne? Ai na cire."

"Ba ki cire ba, Gwaggo. Kwalbar kawai kika canza. Abin da fada yake yi da ruwansa a fim, shi kika sa Mubina ta yi da zamzam."

"To laifi ne a nuna zamzam yana da albarka?"

"Yana da ita. Ana sha a yi addu'a, a nemi waraka. Amma ban taɓa karanta inda aka ce a watsa wa gawa mai yawo ba. Kuma ayar Allah ce kika sa a bakin wadda babu ita, tana korar abin da babu shi."

"Ai na san babu shi! Tatsuniya ce, Abdulquddus. Gizo ma akwai shi ne?"

"Ke kin sani, Gwaggo. Ba duk mai karantawa ba ne ya sani."

Baraka ta juya ga mijinta, wanda ke kishingiɗe yana sakace. "Abu Shahad, kana jin ɗanka? Na sa gicciye an ce na kafirta, na sa zamzam an ce na yi wasa da addini. Da me ake so in kashe shi?"

Yunus ya ce, "Ki sa mota ta take shi mana, Hajiya. Ni a Muzdalifa ban ga abin da ya gagari babbar mota ba."

Babu wanda ya yi dariya sai ni, na kuwa sha harara.

Da maganar Abdulquddus ce kaɗai, da Baraka ta shanye ta ci gaba, don ta ce yaro ne, karatu ke ɗibarsa. Abin da ya karya ta daban ne. Bayan 'yan makonni wata mai karatu daga wani gari a gida ta turo mata saƙon murya a keɓe, tana ta godiya. Muna tsinke zogale muka saurara tare. Matar ta ce ɗanta ya daɗe yana rama, an rasa gane kansa, kuma dama tana zargin wata tsohuwa mai sayar da daddawa a layinsu, don duk sanda ta wuce sai ta shafa kan yaron. Da ta karanta abin da Mubina ta yi, sai ta ɗauko zamzam da surukinta ya kawo, ta tare tsohuwar a bakin ƙofa ta sheƙa mata a fuska. Tsohuwar ta ƙwalla ƙara. "Anti, wallahi ihu ta yi kamar na littafinki! Nan take samarin unguwa suka gane mayya ce, yanzu haka sun kore ta. Allah ya saka miki da alheri."

Zogalen ya zube daga cinyar Baraka. Nan take ta kira matar.

"Baiwar Allah, ke in aka sheƙa miki ruwa a ido ba zato, ba za ki yi ihu ba?"

"Ai Anti ba irin wannan ihun ba ne."

"Kin kai yaron asibiti?"

"Ai ba ciwon asibiti ba ne."

"Ki ji tsoron Allah! Ƙarya na rubuta, daga kaina na ƙago, ina zaune a kan katifa da ciwon gwiwa! Ki je ki nemo tsohuwar nan ki roƙi gafara, ki kai ɗanki a auna jininsa."

Matar ta ce ba ta zaci haka daga mutuniyar Makka ba, ta kashe, ta kuma toshe lambar. Baraka ta bi ta hannun Rumasa'u, ta bi ta hannun wata 'yar garin, da ƙyar aka gano cewa tsohuwar ta koma ƙauye wurin 'yarta da rauni a goshi, inda wani ya jefe ta. Baraka ta aika mata da turmin atamfa da dabino ta hannun wani alhaji, ba ta taɓa sanin ko sun isa ba. Ta rubuta dogon jan kunne a zaure, cewa babu mai shan jini, kuma zamzam ba abin gwada mutane ba ne. Mutum biyu-uku suka ce Allah ya kyauta, sauran suka ce, "Anti, yaushe za a ci gaba?"

Ta ci gaba, amma ta rantse ba za ta ƙara sa wani abu mai tsarki ba, na kowa. Ta koma kan abin da ya rage a finafinan: Mubina ta rataya tafarnuwa a tagogi, ta feƙe itace, tana dabarar yadda za ta riƙe baƙon har rana ta fito, don a finafinan hasken rana ke ƙone irinsa. Nan ma ba ta tsira ba.

"Tafarnuwa kuma? Miya za ta yi masa?"

"Musulma tana cikin wannan bala'i ko addu'a ba ta yi? Wannan littafin babu Allah a cikinsa."

"A dawo mana da zamzam!"

Ranar na same ta a ɗakin girki tana tuƙa tuwo kamar da shi suke faɗa, ga gwiwa ba ta gama warkewa ba. Ta ce, "Aishatu, Turawan nan sun huta. Sun ɗauki kayan ibadar mutane sun mayar bindiga, masu kallo sun san wasa ne, a tashi a tafi gida. Ni nawa masu karatun, in na sa abu ya yi aiki sai su ɗauka fatawa na bayar, in bai yi aiki ba su ce na raina shi, in ban sa ba su ce na manta da Ubangiji. Dodo ɗaya, na rasa inda zan kama shi." Ta buga muciya a bakin tukunya. "Ya zauna. Ya shanye su duka."

Daga nan ta daina turawa. Rumasa'u ta yi roƙo har ta gaji. Gwiwa ta yi sauƙi, muka koma aikinmu, Hajji ya zo ya wuce.

Wajen shekara guda bayan haka Shahad ta shigo da waya a hannu ta ce, "Ya ummi, ba wannan ne kitabinki ba?" Wani mutum ne a intanet yake karanta labarin da murya, da kiɗan ban tsoro a ƙasa, an canza masa suna, an sa sunan wata marubuciya da ba mu taɓa ji ba. Kalma da kalma na Baraka ne har zuwa inda ta tsaya. Daga nan aka ɗora wani ƙarshe: wai wani malami ya sauka daga jirgi da bulala da turaren hayaƙi, ya zane mai shan jinin har ya yi magana da muryar aljani, tsohuwar ta musulunta, malamin ya auri Mubina. Dubban mutane sun saurara, suna ta sa albarka.

Baraka ta saurara har ƙarshe. Da ya gama ta ce, "Ko sunan ƙauyen bai iya faɗa ba." Abdulquddus ya ce a nemi mutumin a yi masa magana, haƙƙi ne. Ta ce a bar shi, wanda ya saci akuya mai tari shi zai kwana bai yi barci ba. Amma na san ya ci ta, don kwana biyu tuwonta yana fita da gudaji, abin da ban taɓa gani ba.

Ana cikin haka aikin faɗaɗa unguwa ya iso layinmu. Aka zo aka shafa wa bangon gidanmu jan fenti, alamar rusau, aka ba mu wa'adi. Ranar da su Baraka za su tashi, da rana tsaka, ina taya ta ɗaure tukwane a cikin kwalaye, sai ta ce in zauna. Ta kira Shahad ma. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta sa tabarau, ta ce ta ƙarasa labarin, ba don zaure ba, don dai ya fita daga kanta.

A nata ƙarshen, baƙon ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwar ta riƙe gicciyenta tana addu'arta da yarenta, Mubina tana gefenta tana karanta abin da ta haddace, kuma babu wanda ya ƙone shi, babu hayaƙi, babu ihu. Yana tsaye yana magana mai daɗi, yana kiran tsohuwar da muryar ɗanta da ya daina zuwa, yana roƙon a ce masa ya shigo. Duk sanda tsohuwar ta buɗe baki za ta amsa sai Mubina ta matse hannunta, duk sanda barci ya fara ɗibar Mubina sai tsohuwar ta tsungule ta. Addu'ar ba ta kore shi ba, su ta riƙe. Haka har gari ya waye, rana ta riske shi a bakin ƙofa, mai kawo madara ya tarar da toka a kan dakali, ya share da ƙafa.

Ta cire tabarau ta dube mu. Shahad ta ce, "Hilu, ya ummi," wato ya yi daɗi, amma na san rabi ta gane. Sai Baraka ta juyo kaina.

Ni kuwa ba na iya yi mata ƙarya. Na ce, "Ya yi kyau, Ummu Shahad. Amma ni dai, gaskiya, na zamzam ɗin nan ya fi ratsa ni. Wurin da fatarsa take tafasa."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta tura wayar cikin jaka. "Shekara ashirin muna cin gishiri ɗaya," ta ce, "ashe ke ma 'yar zaure ce."

Yunus ya danna ham daga ƙasa. Ta ce in kama mata kunnen babbar tukunya, muka sauka da ita a hankali, tana ɗingishi tana yi mini faɗa a kan in daina jan ta gefe.

Sun koma can bayan gari, inda haya ke da sauƙi, mu kuma muka samu ɗaki wajen dangin maigidana. Ƙarshen nan ba ta tura wa kowa ba, Rumasa'u ma ba ta san da shi ba. Tana nan tana girkinta, yanzu ɗaliban jami'a ne suka fi saye, Abdulquddus ke kawo mata su. Na ji an ce ta hana a kira ta marubuciya, ko da wasa.